Jan Hannun Agogon Arvo

Kafin in buɗe baki in ce a dakata, Mista Belanger, mai gyaran agogo, ya riga ya danna. Ya danna maɓallin sama, ƙas, ya danna na ƙasa, sai na ga dogon jan hannun agogon ya yi tsalle ya koma kan sha biyu ya tsaya cak.

"To, madalla," ya ce, da gilashin duba ƙananan abubuwa maƙale a idonsa ɗaya. "Wannan ɓangaren dai da ransa."

"Mai shi fa ya ce kada a taɓa maɓallan," na ce, bayan aikin gama ya gama.

"Kowa haka yake cewa, Madam. In ban taɓa ba, da me zan gane ciwon?"

Na ga kamar da gaskiyarsa. Har murmushi na yi, ni wawuya, wai an samu abu ɗaya da bai lalace ba.

Agogon na maƙwabcina ne, Arvo Niskanen, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu. Irin na da ne, wanda ake wanawa da hannu kowace safiya, kuma ban da hannayen da ke nuna lokaci yana da wannan jan hannun na auna tsere: ka danna na sama ya tashi, ka sake dannawa ya tsaya, ka danna na ƙasa ya koma inda ya fito. Shekara talatin Arvo ya yi yana auna wa 'yan tseren sulɓi a kan dusar ƙanƙara lokaci da shi, a kulob ɗinsu na bayan gari. A farkon Fabrairu santsi ya kwashe shi a matakalar ƙofarsa, matakalar da na ce masa sau ɗari ya bari in zuba mata gishiri, yana ce min wai gishiri na cinye siminti. Gilashin agogon ya tsage, agogo ya mutu. A asibiti aka ɗauki hoton haƙarƙarinsa don neman karaya, aka ga abin da ya fi karaya. Ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. Suka sallamo shi da gadon asibiti da nas mai leƙowa kullum.

'Yarsa Tuula, da ke aiki can nesa a birnin Calgary, ita ta roƙe ni a waya in kai agogon a duba, ko zai ɗan faranta masa rai. Arvo bai so ba. Sai da na tsaya a kansa kafin ya miƙo, yana cewa, "Tambaya kawai za ki yi, Direba. Kada kowa ya taɓa maɓallan." Direba yake ce min, saboda shekara ashirin da bakwai na yi ina tuƙa motar 'yan makaranta a nan garinmu, Thunder Bay.

Mista Belanger ya buɗe bayan agogon ya daɗe yana leƙe, yana 'yan tsaki.

"Abu biyu ne," ya ce. "Faɗuwar ta karya 'yar sandar da zuciyar agogon ke lilo a kanta. Wannan tsautsayi ne. Na biyun kuwa ganganci ne. Faifan nan mai haƙora ya cinye sarai. Wani ya tayar da jan hannun ya bar shi yana gudu ba dare ba rana, shekara da shekaru. Ba don haka aka yi shi ba. Tsere ake aunawa da shi, a gama a tsayar."

"To a gyara ko a bari? Abin da aka aiko ni in tambaya ke nan."

"Ya danganta."

Ba amsar da na tsana a duniya irin wannan. Na ce masa ya danganta da me, ya ce masu yin irinsa sun rufe tun ina 'yar makaranta, sai dai a nemo mataccen agogo ɗan'uwansa a Turai a ciri kayan cikinsa. Kuɗin ba kaɗan ba ne, ya faɗa min. Sati shida in an yi sa'a. Kuma in har za a yi, shi ba zai goge tabon jikinsa ba, ba zai canza fuskar ba, don masu son irin wannan agogon tsufan suke so.

"Sati shida," na ce. "Mai shi ba lallai yana da sati shida ba."

Ya cire gilashin daga idonsa ya dube ni. "To kun ga, shi ya sa na ce ya danganta."

Na iske Arvo a falo, inda aka ajiye masa gadon a jikin taga don ya riƙa ganin titi. Na fara zuba bayani tun daga bakin ƙofa ina karkaɗe takalmi, 'yar sanda, faifai, Turai, sati shida. Bai saurare ni ba, hannu kawai ya miƙo. Na ba shi agogon, ya kai shi kusa da fuska.

"Wa ya tsayar?"

"Haba Arvo, ai faɗuwa ce ta tsayar da shi."

"Faɗuwa kashe shi ta yi. Tambayarki nake, wa ya tsayar?"

"Mai gyaran ne ya gwada. Ai abin murna ne ma, ya ce wannan ɓangaren..."

"Me na ce miki?"

"To danna maɓalli ne fa kawai, sai ka ce an yi kisan kai!"

Ya ajiye agogon a kan bargo a hankali, ya juya fuskarsa wajen taga. "Fita min daga gida, Lorna."

Tunda muke da shi, shekara talatin da ɗaya katanga ɗaya, bai taɓa kirana da sunana ba sai ran nan. Na fita, na kuma buga masa ƙofa da ƙarfi, ba zan ɓoye ba.

Kwana uku bai yi min magana ba. Ni kuwa raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Ni na kwashe shi daga ƙasa ran da ya faɗi. Ni na bi motar asibiti da silifas ɗin ɗaki a ƙafata. Ni ke share masa dusar ƙanƙara tun da bayansa ya ƙi, ni ke kawo miya, ni na koyi yin burodin nan nasu mai zaƙi, pulla, bayan rasuwar matarsa Helmi, ko da yake kullum sai ya ce nawa ya yi tauri. Duk wannan a kore ni a kan maɓalli? Na rantse ba zan sake taka gidan ba. Washegari kuwa ga ni da tukunyar miya. Nas ta buɗe min, na ajiye a kicin na fito, shi yana kwance ya rufe ido da gangan. Na san barcin ƙarya in na gan shi, yara dubu nawa suka yi min shi a mota. Da na fito na zuba wa matakalarsa gishiri har sai da ta yi fari, simintin ya cinye in ya ga dama.

Tuula kuma ba ta rage min komai ba. Ran Litinin ta kira ta ce ta karanta a intanet wai irin wannan agogon kada a kuskura a taɓa shi, darajarsa a yadda yake take. Ran Talata ta kira ta ce a gyara ko nawa ne, tana so babanta ya gan shi yana aiki. Ran Laraba ta kira tana kuka ta ce ni in zaɓa.

"Ni 'yasu, ni Lorna!" na ce. "Uban wa ne, naki ko nawa? Ke kin san me ya sa yake haukan nan a kan jan hannu?"

"Wallahi ban sani ba, Anti. Tun rasuwar Mama dai ban taɓa ganin ya rabu da shi ba, ko wanka zai yi sai ya sa shi inda zai riƙa gani." Ta ja hanci. "Ina da hotonsa ma. Wata nas a asibiti ta turo min ran da ya faɗi, in ga yadda ya fashe."

Nan dabara ta faɗo min, irin dabarar da mutum ke jin daɗin kansa a kanta. Na ce ta turo hoton. Jan hannun ya fito sarai, a kan talatin da takwas. Na lallaɓa na ɗauke agogon daga kan tebur lokacin da nas ke juya Arvo, na koma wurin Mista Belanger na ce ya mayar min da hannun daidai nan.

"Madam, wannan ba gyara ba ne, kwalliya ce."

"Na ji. Yi min kwalliyar."

Ya yi, yana gunaguni da Faransanci. Minti goma bai cika ba.

Na shiga wurin Arvo ba sallama, na ɗora masa agogon a ƙirji. "Ga abinka yadda yake. Sai ka daina yi min fushin yara."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya yi wata 'yar dariya da ta zame masa tari, na ɗago shi na ba shi ruwa.

"Talatin da takwas," ya ce da ya samu numfashi. "Wannan ai lokacin da na zube a matakala ne. Me zan yi da shi?"

"To me kake so, bawan Allah? Ka faɗa min da baki, ni ba boka ba ce!"

Ya nuna min kujera. Sai ya ce in zauna.

"Kin san dokarmu a wurin tsere?" ya ce. "Mai riƙe agogo ba ya tsayarwa sai na ƙarshe ya shigo. Na farko ya zo, a rubuta. Na goma ya zo, a rubuta. Kowa ya watse ya tafi shan gahawa, kai kana nan a tsaye cikin sanyi, don akwai wani can cikin daji da bai iso ba. In ka tsayar, ka ce masa ba ya cikin tseren ke nan."

"Na sani. Ka faɗa min sau hamsin."

"Ran da Helmi za ta tafi, a nan falon, nas ta ce min numfashinta zai riƙa yin nisa da juna. Ban san me zan yi da hannuna ba, Direba. Sai na yi abin da na iya. Ta sauke numfashi, in danna. Ta ja, in tsayar in duba. Sha biyu. Ashirin. Talatin da biyar." Ya shafa gilashin da ya tsage da babban yatsa. "Sai ta sauke wani, na danna. Ina jira ta ja."

Na jawo kujerar kusa da gadon.

"Shekara shida da wata huɗu. Kowace safiya in wana shi kafin in sa gahawa a wuta. Ko da na faɗi ma, ban damu sosai ba. Agogo ya mutu, amma ba wanda ya tsayar."

Na so in yi kuka, amma abin da ya fito daga bakina faɗa ne. "Kuma ba za ka faɗa wa mutum ba? Shekara shida ina kawo maka miya kana zaune da wannan a ciki! Ka ba ni abu ka ce kada a taɓa, ba dalili ba komai, kamar wata 'yar aike!"

"Da na faɗa miki, cewa za ki yi tsoho ya zare."

"Da na ce mana! Amma da na riƙe hannun mutumin nan kafin ya danna!"

Garin neman gira na rasa masa ido, ni na san haka, shi ma ya sani, kuma bai ce min "ba komai" ba don ya san ƙarya ce. Muka zauna muna kallon motar kwashe dusar ƙanƙara tana wucewa, tana mayar min da duk abin da na share bakin ƙofa.

"To yanzu a gyara ko a bari?" na ce.

"Me zai auna?"

"Ina na sani? Dafa ƙwai! A gyara, ka danna da hannunka, a ci gaba daga inda aka tsaya."

"Ba a ci gaba da tseren da aka tsayar."

"In ji wa? Kai ne alƙalin, kai ne mai agogon. Wa zai kai ka ƙara?"

Ya rufe ido. "Sati nawa ya ce?"

"Shida."

"Ni nas ta ce huɗu. Ta ɗauka ba na ji." Ya tura min agogon ta kan bargo. "Yi abin da kika ga dama, Direba. Dama shi kike yi."

A ranar na mayar wa Mista Belanger da agogon, na ce a gyara, kada a goge tabo ko ɗaya, kuma a yi sauri. Ya ce sauri ba a hannunsa yake ba. Na ce to ya nemo wanda yake hannunsa.

Ban san ko Arvo ya damu ba sai washegari da safe. Ina shigowa da gahawa, kafin in ajiye, ya ce, "Ya shigo?"

"Jiya fa aka kai shi."

"Tambaya na yi."

Daga ran nan kullum sai ya tambaya, kullum in ce bai shigo ba. Shi ke nan abin da ke gabana, in ɗaura masa agogon nan yana tafiya, in ga yatsansa a kan maɓallin, ko sau ɗaya. Na addabi Mista Belanger har ya haddace lambata, yana ɗauka sai ya ce, "Bai zo ba, Madam," kafin in gaishe shi. An samu mataccen agogo a Jamus. An turo. Ya zauna a wani wurin tantance kaya kwana tara, ba wanda ya san dalili. Da ya iso aka buɗe, 'yar sandar ta yi daidai, faifan kuwa ashe na wani ƙirar ne, haƙori biyu ya fi namu. Sai an sake nema. Ran nan a cikin mota na zauna a bakin shagon na doki sitiyari har hannuna ya yi zafi.

"A bar faifan mana," na koma ciki na ce wa Mista Belanger. "Sa sandar kawai."

"Zai nuna lokaci, amma jan hannun ba zai tafi daidai ba. Zai riƙa tsalle yana maƙalewa."

Na faɗa wa Arvo haka. A lokacin ya daina cin komai sai ɗan ruwan miya a cokali. Ya girgiza kai a kan matashi. "Ba na auna mutum da agogo mai tsalle."

"Taurin kanka ne zai kashe ka."

"An riga shi," ya ce.

Tuula ta iso a sati na huɗu. Arvo ya wuce sati huɗun da nas ta ce da kwana biyar, ina jin don ya ƙaryata ta ne kawai. Ran Laraba da safe na sunkuya kusa da bakinsa don muryar ta tafi.

"Ya shigo?"

"Bai shigo ba, Arvo."

"Agogo da makara," ya ce. "Abin kunya."

Ita ce maganar ƙarshe da ya yi min.

Alhamis da rana, wajen ƙarfe uku, rana ta fito sosai, ƙanƙarar rufin gidan tana narkewa tana ɗiga a bakin taga. Tuula na riƙe da hannunsa na hagu, inda fatar ta yi fari a wurin da agogo ya saba zama. Ni ina ɗaya gefen. Numfashin ya fara nisa da juna, yadda ya ba ni labari. Na ga babban yatsansa na dama yana motsi a gefen manuninsa, ya danna, ya saki. Ko ni kaɗai na ga haka, oho.

Ya sauke numfashi. Ya ja. Ya sauke. Ban san ina ƙirgawa ba. Sha huɗu. Ashirin da biyu. Arba'in. Ya sauke wani, na fara daga ɗaya. Na wuce sittin, na wuce ɗari, ashe a fili nake yi, ina kallon ƙirjinsa. Na kai ɗari biyu da wani abu sai na ji hannun Tuula a kafaɗata.

"Anti," ta ce. "Ya isa."

Na daina ƙirgawa.

Kwana tara bayan an binne shi kusa da Helmi, waya ta yi ƙara ina wanke-wanke. Mista Belanger ne, muryarsa har da fara'a, wai ya kammala. Na so in zage shi, amma me ya yi? Na cire rigar girki na tafi.

Ya shimfiɗa agogon a kan wani ɗan ƙyalle kore. Sabon gilashi kawai ya sa, sauran duk yana nan yadda yake, da tabon matakala a gefensa, da fuskarsa da ta yi ruwan gahawa da madara. Na kai shi kunne na ji yana tafiya.

"Ki ja wa mai shi kunne," ya ce. "Kada ya sake barin jan hannun yana gudu. In ya auna abin da zai auna, ya tsayar."

"Mai shi ya rasu."

Ya cire gilashin idonsa ya ajiye. Sannan ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ce da ya sani da ya... Na ce masa ba komai, ya yi aikinsa.

Tuula ta riga ta koma Calgary, ta ce in riƙe shi, ita ba za ta iya kallonsa ba. Da na dawo gida na sa gahawa a wuta, na zauna a teburin kicin, inda nake hango tagar falonsa. An kwashe gadon, an cire labule. Na wana agogon yadda na sha ganin yana yi, a hankali, har ya yi tauri. Na ɗora babban yatsana a kan maɓallin sama. Sama da sati shida ina ɗokin a danna shi, ga shi yau a hannuna, ba mai hana ni.

Na daɗe a haka. Sai na tuna su biyun suna can gefe da gefe a bayan coci, ba wanda ya saura a daji.

Na ɗauke yatsana, na jingina agogon da kwalbar sukari. Ƙaramin hannun daƙiƙa yana ta zagayensa a ƙasa, jan yana tsaye a kan sha biyu. A waje ruwan ƙanƙara na gangarowa ta matakalar Arvo, yana wanke sauran gishirin.